Juyin Iran Ba A Dare Ɗaya Aka Yi Shi Ba

 

Da yawa daga cikin samarinmu in an ce juyin juya halin Iran, abin da suke tunawa shi ne 11 ga Fabrairun 1979, ranar da mulkin Sha ya rushe. To, wannan ranar girbi ce. Shukar tun 1963 aka yi ta, lokacin da Imam Khumaini ya tsaya a makarantar Faiziyya ta birnin Ƙum ranar Ashura, ya gaya wa Sha gaskiya. Aka kama shi, jama'a suka fito, soja suka buɗe wuta. A 1964 aka kore shi zuwa Turkiyya, daga nan ya koma Najaf ta Iraƙi. Shekara 14 yana waje, jawabansa na shigowa a kaset, hannu da hannu.

A daren ƙarshe na 1977 shugaban Amurka Jimmy Carter yana Tehran yana yaba wa Sha da kwanciyar hankalin ƙasarsa. Bayan mako guda wata jarida ta buga maƙalar cin mutuncin Imam. Ɗaliban Ƙum suka yi muzahara, aka kashe wasu. To, mutanen Iran suna zaman arba'in ɗin mamaci. Da arba'in ɗin mamatan Ƙum ya zo, Tabriz ta fito, aka yi kisa. Na Tabriz ya zo, Yazd da wasu garuruwa suka fito. Ka ga ke nan, duk harbin da gwamnati ta yi, ita da kanta ta sa ranar taro na gaba.

Ranar Juma'a 8 ga Satumban 1978 aka yi wa jama'a ruwan harsashi a dandalin Jale. Me suka mayar da shi? Ma'aikatan man fetur suka shiga yajin aiki, 'yan kasuwa suka rufe shaguna, baitulmali ya fara bushewa. Ranar 16 ga Janairun 1979 Sha ya bar ƙasar, 1 ga Fabrairu Imam ya sauka daga Faransa.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka yi sha'awar watan nasara, tambayi kanka ko za ka iya shekarun karatu da haƙurin da suka gabace shi. Gaggawa ba ta haifar ɗa mai ido.