Furotin da Rage Ƙiba: Tsoron Ƙoda da Muka Ɗora wa Masu Lafiya

 

Magana ɗaya ta kawo ni, kuma wasunku sun sha jin ta daga bakina. Duk ranar Allah, a asibitocinmu, mai ƙiba zai zauna gaban likita ko ma'aikaciyar jinya a ce masa ya rage abinci, sannan a ƙara da cewa ya yi hattara da nama da ƙwai da wake, wai kada su lalata masa ƙoda. Ya koma gida ya bar abin da ya kamata ya riƙe, ya ci gaba da koko da burodi da tuwo, sai dai ya rage yawansu. Bayan wata biyu yunwa ta ci ƙarfinsa, ya watsar, ƙibar ta dawo. Ni dai ina cewa shawarar ce ta kayar da shi, kuma mu muka ba shi ita.

Ba sai na tsaya bayanin mene ne furotin a wannan zaure ba. Abin da ya kamata mu tuna shi ne inda tsoron ya samo asali. A 1982 likitan ƙoda Barry Brenner na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka fito da ra'ayin cewa yawan furotin yana sa ƙoda ta ƙara yawan jinin da take tacewa, kuma a hankali wannan ƙarin aiki yana iya cinye ta. Hujjarsu mafi ƙarfi ta fito ne daga ɓeraye, musamman waɗanda aka yanke wa wani ɓangare na ƙoda, da kuma mutanen da cutar ta riga ta kama. Ga mai ciwon ƙoda maganar tana nan daram har gobe. Kuskuren da aka yi shi ne kwaso ta daga ɗakin masu ciwon ƙoda aka shimfiɗa wa kowa da kowa. Ƙarin aiki ba shi ne lahani ba. Mace mai juna biyu ma ƙodarta tana ƙara tacewa da kusan rabi, kuma ba mu taɓa kiran hakan cuta ba.

An gwada maganar a kan mutane. Babban binciken ma'aikatan jinya na Amurka ya bi mata 1,624 na tsawon shekara 11, aka buga sakamakon a 2003. Matan da ƙodarsu ke lafiya, yawan furotin bai rage musu aikin ƙoda ba. Waɗanda suka shigo da ɗan rauni a ƙoda, su ne aka ga alamar tabarbarewa a wajensu, musamman daga nama. A 2012 aka buga wani gwaji na masu ƙiba 307 da aka bi shekara biyu, wasu a kan abinci mai yawan furotin da ƙarancin sitaci, kuma ba a ga wata illa ga ƙodarsu ba. A 2018 masana a Jami'ar McMaster ta Kanada suka tattara gwaje-gwaje 28 wuri guda, amsar ba ta canza ba.

To, ko da babu cutarwa, me zai sa mai rage ƙiba ya ƙara furotin? Nan zan ɗan daɗe, domin akwai gwajin da nake so kowane ɗalibi a zauren nan ya haddace.

A gwajin da aka buga a 2016, a ƙarƙashin Farfesa Stuart Phillips na McMaster ɗin nan, aka ɗauki samari 40 masu ɗan ƙiba. Aka rage musu abinci da kashi 40 cikin ɗari na abin da jikinsu ke buƙata, wanda ba ƙaramin horo ba ne, aka kuma sa su motsa jiki mai tsanani kwana shida a mako har mako huɗu. Abincin duka masu binciken ne suka ba su, ba wai an tambaye su me suka ci jiya ba. Aka raba su biyu: rabi suna samun giram 1.2 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsu a rana, rabi suna samun giram 2.4. Kalori iri ɗaya, wahala iri ɗaya. Da aka auna, rukunin farko ya zubar da kitse kilo 3.5, tsokarsa ta tsaya kusan yadda take. Rukuni na biyu ya zubar da kitse kilo 4.8, ya kuma ƙara tsoka kilo 1.2, a cikin yunwa.

Ku lura da abu biyu. Na farko, rukunin da ake kira mai ƙarancin furotin a wannan gwaji yana cin giram 1.2 ne, alhali ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta suka tsayar a 2007 giram 0.83 ne. Wato sai da aka wuce ma'aunin hukuma da kusan rabi kafin a iya tsare tsoka kawai. Wancan 0.83 ɗin an lissafa shi ne don mai lafiya da ke cin abinci ya ƙoshi kada ya shiga rashi. Ba a taɓa nufin ya zama iyakar da in an tsallake ta za a cutu ba, amma haka muke karantar da shi. Na biyu, da a ce sikeli kaɗai aka dogara da shi, da an ce babu wani bambanci tsakanin rukunin biyu, domin nauyin da suka rage bai yi nisa da juna ba. Bambancin yana cikin abin da ya fita daga jiki, kitse ne ko tsoka. A rage ƙiba na yau da kullum, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da ya tafi ba kitse ba ne. Ga matashi wannan asara ce. Ga dattijuwa mai shekara sittin da ciwon gwiwa, ita ce tazarar da ke tsakanin tashi daga tabarma da kanta da jiran a ɗago ta.

Za a ce mini samari ne, Turawa ne, mako huɗu ne kacal. Na ji. Amma ba shi kaɗai ba ne. A wani gwaji na Jami'ar Washington da aka buga a 2005, aka ɗaga furotin daga kashi 15 zuwa 30 na abincin wasu mutane, aka bar su su ci yadda suka ga dama, sai suka rage kusan kalori 440 a rana da kansu, saboda ƙoshi. Jiki kuma yana ƙone kashi 20 zuwa 30 na ƙarfin furotin wajen narkar da shi, ga sitaci 5 zuwa 10, ga mai kuwa ƙasa da haka.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ba za su ɗauke mu lokaci ba. Masu cewa furotin yana zuƙe ƙashi, nazarin da aka tattara a 2017 bai goyi bayansu ba. Masu tuna mana mutanen da suka mutu a Amurka a 1977 a kan ruwan furotin na rage ƙiba, su faɗi sauran labarin: ruwan an yi shi ne daga fata da jijiyar dabbobi, furotin mafi rauni, mutanen suna rayuwa a kan 'yan ɗaruruwan kalori a rana watanni, zuciyarsu ta gaza. Yunwa ce ta kashe su. Gargaɗin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 a kan sankarar hanji kuwa ya shafi naman da aka sarrafa da jan nama ne, bai ambaci wake ko kifi ba. Mai tsakuwar ƙoda da mai ciwon gaɓɓai na sinadarin yurik su rage nama da kayan ciki, wannan tsohon sani ne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mun aro damuwar da ba tamu ba. Dubi kwanon gidan talaka, har ma na mai hali: koko da safe, shinkafa ko taliya da rana, tuwo da dare, nama yanka ɗaya a miya in an samu. Wane ne a cikin waɗannan yake cin furotin fiye da kima? Abin da ke cika ɗakunan wankin ƙoda, a nan da ko'ina a duniya, hawan jini ne da ciwon suga, kuma ƙiba ce ke rura wutar duka biyun. Ƙara da maganin ciwon jiki da ake saye a kemis ana sha kamar gyaɗa, da shayin rage tumbi da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp ba wanda ya san abin da ke ciki. Ina son ganin hukumomi sun nuna wa waɗannan rabin zafin da muke nuna wa ƙwai.

Shawarata ba ta canza ba. Mai son rage ƙiba a fara auna masa hawan jini da suga, a duba sinadarin kiriyatinin a jininsa da furotin a fitsarinsa. In ƙoda ta nuna rauni, ya tsaya a wajen giram 0.8 ƙarƙashin kulawar likitan ƙoda. In lafiya lau take, a ba shi giram 1.2 zuwa 1.6 a kan kowane kilo, a lissafa da nauyin da ake son ya kai. Wanda ke neman kilo 70 zai buƙaci giram 84 zuwa 112 a rana, a raba sau uku, kada a tara shi duka a abincin dare.

Kada kuma kowa ya ce mini tsada. Najeriya ce ta ɗaya a noman wake a duniya, Nijar na biye da ita. Busasshen wake giram 100 yana da furotin sama da giram 20, waken suya ya haura 35, ƙwai ɗaya yana da 6. Ga alala, ga awara in an rage mata mai, ga ƙuli-ƙuli, ga busasshen kifi, ga nono da kindirmo ba tare da tulin sukari ba. A rage malmalar tuwo, a ƙara wake da ganye, a sha ruwa sosai musamman a bazara, a kuma ɗaga wani abu mai nauyi sau biyu ko uku a mako. Ga shugabannin sassanmu da ke zaune a layin gaba, ina roƙon a janye takardar shawarar abinci guda ɗaya da ake miƙa wa mai ƙiba da mai ciwon ƙoda, a buga biyu daban.