Wuƙar da Soja Zai Tafi da Ita Bakin Daga

Idan za a tura ɗanku ko ƙaninku bakin daga, kada ku saya masa wuƙa don kyan gani. Yawancin aikinta yankan igiya ne da buɗe kwali da fiƙe itace.

Tun 1942 sojojin ruwan Amurka suka rungumi wuƙar Ka-Bar, mai tsawon kaifi inci 7, saboda tana jure wahala, ga sauƙin wasawa. Sai dai ƙarfenta kan yi tsatsa in ba a shafa masa mai ba.

Kowace wuƙa za a saya, a duba mariƙinta, kada ya zame a hannu mai gumi, kube kuma ya riƙe ta gam. Kafin ku biya kuɗi, ya tambayi kwamandansa irin wadda aka yarda ya ɗauka.