Tankin da Ba Ya Hutawa



Yau za mu duba yadda masana'antu ke kiwon ƙananan halittu cikin tanki ba tsayawa. Kun san yadda mai kindirmo ke zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara ta kwana? To, a nan ba a jiran kwana. Abinci na shiga, amfani na fita, dare da rana.

A Billingham ta Ingila, haka kamfanin Quorn ke kiwon wata fumfuna da ake yin abinci da ita.

Ina wahalar take? Tana wurin gudu. In ruwan sukarin da ake ciyar da su ya shiga da gaggawa, zai wanke halittun waje kafin su hayayyafa. In ya yi jinkiri, yunwa ta kama su. Don haka na'urori ke auna zafi, tsami da iska kowane lokaci.

Duk da haka, bayan 'yan makonni fumfunar kan canza hali. Dole a tsaya, a wanke, a sake. A ganina, gwanintar ma'aikaci ita ce gane wannan lokacin da wuri.