Me 'Ya'yanmu Suke Karantawa?

 Kullum muna kuka 'ya'yanmu sun rungumi waya, sun bar karatu. To, littattafai nawa muka ajiye musu a gida? Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Mu karanta wa ƙanana labarin Yusufu da dare. Samari da 'yan mata mu ba su Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya koyar a Katsina. Mu manya mu ɗauki Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, mu ga ɗacin bauta. Abin da yaro ya gani a hannun iyayensa, shi zai ɗauka. Ubangiji ya taimake mu, amin.