Waya Mai Zare Uku: Darasin 'Yandoto ga Masu Tsofaffin Kwamfutoci



An umurce ni in yi magana a kan wani abu da da yawa za su ɗauka ƙarami ne, watau yadda ake haɗa tsofaffin kwamfutoci biyu da waya, a kwashe rubutun da ke cikin ɗaya a zuba a cikin ɗayar. Na san wani zai ce, a zamanin da ake aika hoto daga Gusau zuwa Makka kafin ƙiftawar ido, me ya kai mu yasar tsohuwar rijiya? Amsa ita ce, akwai sauran ruwa a cikinta, kuma yana ƙafewa.

Mu mutanen Gusau da Tsafe da Bunguɗu ba ma bukatar a gaya mana yadda ilmi yake ɓata. 'Yandoto tana nan kusa da mu. Birni ne na malamai a tsohuwar ƙasar Katsina, wanda almajirai suka riƙa yi wa tsinke daga nesa, har zuwa wajen shekarar 1806, lokacin da rundunar Muhammadu Bello ta ci shi, malamansa suka watse. Ban zo nan don in yi shari'a tsakanin magabata ba. Abin lura shi ne, sunan 'Yandoto ya iso mana da girmansa, amma littattafanta ba su iso mana haka ba. Littattafan Shehu Usmanu da Abdullahi da Bello kuwa ga su nan a Sakkwato, ga su a Gidan Arewa na Kaduna, ga su a gafakar malamai ko'ina, domin an yi ta kwafarsu hannu da hannu. Ashe rubutu ba ya rayuwa don darajarsa kaɗai, sai ya sami mai kwafa.

To, irin wannan asara ce take neman faɗa wa rubutun da aka yi da kwamfutocin farko. Apple II ta fito a 1977, IBM PC a 1981, Commodore 64 a 1982. Dukansu suna amfani da faifai mai faɗin inci biyar da kwata, wanda in ka gan shi a ido ba ka bambanta na wannan da na waccan. Amma kowane kamfani da irin tsarin rubutunsa. Faifan Apple yana ɗaukar kilobait 140, na Commodore kimanin 170, na IBM ya kai 360, kuma in ka sa na ɗaya a bakin ɗaya, sai ta yi kamar ba ta ga kome ba. Ga shi kuma faifan ba ya jure zafi da ƙura da laimar damina. Na'urar da ta rubuta shi ita ce ta fi sanin karatunsa. Saboda haka dabara ita ce a bar ta ta karanta da kanta, sa'an nan ta faɗa wa 'yar'uwarta ta waya.

Yaya ake yi? Tun daga 1960 injiniyoyin Amurka suka tsara wata ƙa'ida mai suna RS-232, wadda na'urori suke bi su aika haruffa ɗaya bayan ɗaya. A mahaɗa mai allura 25, allura ta 2 ita ce bakin kwamfuta, ta 3 ita ce kunnenta, ta 7 kuwa ita ce ƙasa da dukansu suke takawa. In ka haɗa su kai tsaye, baki zai fuskanci baki, kunne ya fuskanci kunne, ba mai jin wani. Sai a gitta zaren: bakin wannan ya tafi kunnen waccan, bakin waccan ya dawo kunnen wannan, ƙasa ta haɗu da ƙasa. Zare uku ke nan, kuma duk mai gyaran rediyo da ya iya dalma zai harhaɗa maka. Amma a yi hattara da Commodore 64: mahaɗarta bolt 5 take ɗauka, alhali RS-232 tana iya kai wa bolt 15. Dole a sa ɗan allon da zai daidaita wutar a tsakani, in ba haka ba gyara ya zama ɓarna.

Bayan waya sai yarjejeniya. Tilas na'urorin biyu su yarda da sauri ɗaya. A saurin 9600, harafi 960 ne suke wucewa a daƙiƙa guda, watau cikakken faifan IBM zai ƙetare a cikin minti bakwai ko kusa da haka. A saurin 1200, wanda Commodore ta fi sabawa da shi, faifanta zai ci kusan minti 25. Sannu ba ta hana zuwa.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni hankalinku. Waya takan yi kuskure, harafi ya faɗi a hanya ko ya rikiɗe. A 1977 wani Ba'amurke, Ward Christensen, ya rubuta manhajar XMODEM don maganin wannan. Takan yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa harafi 128, ta ba ta lamba, ta tara lissafin haruffanta ta liƙa a ƙarshe. Mai karɓa sai ta sake lissafin. In ya yi daidai ta ce a ci gaba, in ya saɓa ta ce a maimaita. A 1981 kuma Frank da Cruz da Bill Catchings na Jami'ar Columbia a New York suka fito da Kermit, don ɗalibai irinmu su riƙa kwashe aikinsu daga babbar kwamfutar jami'a su adana a faifai. Daga baya aka rubuta ta don ɗaruruwan na'urori da ba su jin maganar juna.

Jama'a, wannan baƙon abu ne a wurinmu? Littafin malamanmu warwara ne, ba a ɗinke yake ba, sai marubuci ya sa kalmar farko ta shafi na gaba a gindin wanda ya gama, don kada takardu su rikice. Lambar gunduwa ke nan. In an gama kwafa kuma sai a zauna a yi muƙabala, ɗaya yana karanta asali, ɗaya yana bin sabon da ido. Lissafin XMODEM ke nan. Injiniyoyi sun sa na'ura ta yi abin da marubutan ƙasar nan suka daɗe suna yi da alƙalami da tawada.

Sai dai akwai muƙabalar da na'ura ba za ta yi mana ba. Jerin haruffan ASCII na 1963 ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, amma Unicode da ta zo a 1991 ta ba su gurbi. Kafin ta yaɗu, masu buga Hausa sukan ari gurbin wata alama su ɗora harafi mai lanƙwasa a kai. In irin wannan rubutu ya ƙetare waya, lissafi zai ce lafiya lau, amma sai ka ga alamomin banza a inda haruffanmu suke, ko kuwa baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. Wannan gyara sai Bahaushe mai ido.

Kada mu ɗauka sakaci namu ne mu kaɗai. A 1986 BBC ta tattara bayanan Birtaniya daga mutum fiye da miliyan ɗaya, yawancinsu 'yan makaranta, ta zuba a faifan zamani don cikar shekara 900 da littafin Domesday. Kafin 2002 na'urar karanta faifan ta kusa ƙarewa, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka ceto shi. Littafin 1086 kuwa, da aka rubuta a kan fata, yana nan ana karanta shi.

Saboda haka ga roƙona. Ku matasan ma'aikata, in kun ga kwalin tsofaffin fayafai a ɗakin ajiyar ofis, kada ku bari a zubar da shi, kada kuma a sayar wa 'yan gwangwan na'urar da ta rubuta shi. Ku nemi izinin na gaba da ku a rubuce, domin takardar hukuma amana ce. Ku toshe ɗan tsagin da ke gefen faifan kafin ku sa shi, don kada a rubuta wani abu a kansa bisa kuskure. Ku kwafa, ku yi muƙabala, ku ajiye a wuri fiye da ɗaya. Mu ɗalibai kuma, na kimiyyar kwamfuta ya kawo waya, na tarihi da na Hausa su kawo ido, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A cikin fayafan nan ne kundin digirin wani yake, da lissafin fanshon wani, da littafin da marubucinsa ya rasu bai buga ba.

Magabatanmu sun rasa littattafai saboda yaƙi. Mu in muka rasa namu, ba mu da uzurin da za mu ba na baya sai lalaci.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana.