Mai Hoto a Zamanin Wayar Hannu

Malamaina da 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai,

Shekara talatin ke nan ina ɗaukar hoto a Babbar Kasuwar Kaduna. A da, ranar Sallah layi ake yi a ƙofar shagona. Yau yaro da waya zai ɗauki biki a rabin kuɗina. In na nuna wa abokan sana'a aikina, sai "ya yi kyau," babu mai gyara mini. Abuja ke da ciniki, amma tun harin jirgin ƙasa na Maris 2022 uwargida ta hana ni zuwa.

Yanzu gyaran tsofaffin hotuna ke ciyar da iyalina. Ku kawo na ajinmu kafin gara ta cinye su.