Ta Zo Mu Ji Ta

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Mahukunta, sura 9.

Wata ranar Lahadi bayan sujada wata uwa ta tare mu da tambaya. Surukarta takan tara jikoki da dare tana yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Ita kuwa ta hana, gama a ganinta tatsuniya ƙarya ce, bai kamata a goyi ɗan mai bi da ƙarya ba. Tsohuwa ta yi fushi, har gaisuwa ta yanke a gidan. To, wa ke da gaskiya?

Bari mu duba karatunmu. Gidiyon ya bar 'ya'ya maza 70, ban da Abimelek. Abimelek ya karkashe su a kan dutse guda domin ya ci sarauta, sai autansu Yotam kaɗai ya ɓuya ya tsira. Da mutanen Shekem suka naɗa mai kisan nan sarki, Yotam ya hau Dutsen Gerizim ya ɗaga murya. Ba doguwar huɗuba ya yi musu ba, tatsuniya ya ba su. Itatuwa ne suka fita neman sarki. Zaitun ya ƙi rabuwa da mansa, ɓaure ya ƙi rabuwa da zaƙinsa, inabi ma ya ƙi. Sai ƙaya ta karɓa, har tana kiransu su fake a inuwarta. Inuwar ƙaya! Duk wanda ya taɓa kiwon awaki ya san abin dariyar da ke nan. Bayan shekara 3 rikici ya tashi, Abimelek da kansa ya rushe Shekem, ya barbaɗe ta da gishiri.

A cikin masu jin Yotam ba wanda ya ɗauka itace yana magana. Ba a ruɗi kowa ba. Ƙarya ita ce maganar da aka shirya domin a ruɗi mutum, Yotam kuwa idanunsu yake buɗewa.

A Ingila an yi wani malamin jami'ar Oksfod, C. S. Lewis, wanda ya daɗe yana ganin labarin Gicciye kamar sauran almara na mutanen dā. A watan Satumba 1931 ya raba dare yana hira da abokansa, cikinsu har da J. R. R. Tolkien, wanda ya nuna masa cewa labarin Almasihu ya bambanta, domin ya faru da gaske. Ba da jimawa ba Lewis ya ba da gaskiya. Daga 1950 zuwa 1956 ya fitar da littattafai 7 na ƙasar Narnia, inda zaki Aslan ya ba da ransa a madadin yaron da ya ci amanar 'yan'uwansa.

Amma kada mu wanke Gizo tas. Ku tuna yadda ya ci bashin hatsin giwa da na dorina, ya ba kowannensu bakin igiya suka yi ta ja da juna, shi kuwa ya sulale. Yara sukan yi dariya, mu ma mun yi. In aka bar labarin nan haka, yaro zai kwanta da tunanin cewa mai wayo ne ke cin riba.

Abin da muka ce wa uwar nan ke nan: ta je ta durƙusa ta gai da surukarta, da dare kuma ta shimfiɗa tabarma ta zauna tare da su. In an kai ƙurunƙus, sai ta tambayi yaran, "To, giwa da dorina fa, wa zai biya su hatsinsu?" Ta bar su su yi gardama, kaka ma ta sa baki.

Kafin mako mai zuwa, ku karanta 2 Sama'ila sura 12, labarin 'yar tunkiyar da annabi Natan ya kawo wa sarki Dawuda. Mu yi addu'a.